Saƙon da Mama Za Ta Kai

Malama na tura ƙofar ɗakin jinya na mata ta tsaya cak. A gado na ƙarshe, inda mahaifiyarta take kwance yau kwana goma sha ɗaya, tsohon faston cocin Mama ne a tsaye yana shimfiɗa farin ƙyalle a kan 'yar durowar gefen gado. Ya ture kwalaben magani da kofin ruwa gefe guda, ya ajiye ƙaramin faranti da ƙoƙon azurfa, na ba da gurasa da ruwan inabi a Jibin Ubangiji. Ƙanenta, autan gidansu, yana jingine da bango cikin kayan aikinsa na gyaran firji, ya harɗe hannuwa a ƙirji.

Ba ta gaida kowa ba. Ta dire kular abincin da ta zo da ita a ƙasa, ta tambaya wa ya kira Baba Fasto.

"Ni ne," in ji Auta. "Mama ce ta sa ni."

"Jibin Ubangiji a gadon asibiti, ranar Talata da rana tsaka. Sallama kuka zo yi mata ke nan?"

Tsohon ya ce da ita a hankali, ba sallama ba ce, 'yata, mara lafiyar ce ta nema, kuma ba a hana wanda ya nema. Malama ta ce ita ce babba a gidan nan, ba za a yi wa uwarta shirin tafiya tana numfashi ba, ya tattara kayansa. Matan da ke sauran gadajen suka yi tsit, mai jinyar gado na uku har da ɗago kai daga wayarta. Fasto bai ja da ita ba. Ya naɗe ƙyallen gida huɗu, ya mayar da farantin da ƙoƙon cikin akwatinsu na katako, ya ce zai zauna a bencin waje, shi ba inda yake sauri. Auta ya bi bayansa, yana wucewa ya ja tsaki a daidai kunnenta.

Mama dai idonta a rufe, amma Malama ta san ba barci take yi ba. Ƙafafunta sun kumbura har fatar na sheƙi, leɓenta ya bushe ya tsattsage. Matar da ta yi shekara arba'in tana taka keken ɗinki, yau ba ta iya juyawa sai an juya ta. Malama ta gyara mata bargo da ƙarfi fiye da yadda ya kamata, ta ɗora hannu a goshinta ta ce, "Za ki tashi, cikin sunan Yesu." Ta jira amin. Ba ta samu ba.

Shugabar makarantar firamare ce ita, shekararta arba'in da shida, kuma ta saba in ta yi magana a ce to. Tun ranar da aka kwantar da Mama ta kafa doka: ba mai ambaton mutuwa a kusa da gadon nan. Ƙanwar mahaifinsu da ta zo dubiya ta fashe da kuka, Malama ta raka ta har bakin matakala ta ce kada ta dawo sai ta bar hawayenta a gida. Ita da ƙungiyar addu'arsu sun ɗauki azumin kwana bakwai, yau na biyar, kuma kullum ƙarfe huɗu, lokacin ziyara, sukan zo da mai wa'azin da ke jagorantarsu su kewaye gadon su tsawata wa ciwo har nas ta zo ta roƙe su su rage murya.

Tana cikin buɗe kula nas ta leƙo ta ce likita na son ganinta.

Likitar yarinya ce, ba za ta wuce sa'ar malaman da Malama ke yi wa faɗa a ofis ba. Ta ba ta kujera, ta buɗe fayil, ta yi bayani tiryan-tiryan. Wankin ƙoda biyu na ƙarshe, duk sai da aka tsayar da injin kafin lokaci saboda jinin Mama ya faɗi. Zuciyarta ba za ta ƙara ɗauka ba. In aka matsa, mai yiwuwa a kan injin za ta cika. Kuma ita Mama da bakinta, cikin hankalinta, ta ce ta gama, a kai ta ɗakinta.

"Ke ba Allah ba ce, likita."

"Ba ni ba ce. Shi ya sa nake gaya miki iyakar inda hannuna ya tsaya."

Malama ta ce ba za ta sa hannu a kowace takarda ba. Likita ta juyo mata da fayil ɗin. Ba a bukatar hannunta. Mama ta riga ta sa nata tun da safe, ga shi nan a karkace kamar tafiyar tururuwa, ga na Auta a ƙasa a matsayin shaida. Gobe da hantsi za a sallame ta.

Ba ta san lokacin da ta fito daga ofishin ba. A baranda ta sami Auta, kusa da tagar da ke kallon wurin ajiye motoci, yana kankare baƙin mai daga farcensa da mukulli. Ta tsaya a gabansa ta sauke masa duk abin da ke cikinta. Ta ce ya ci amanarta. Ta tambaye shi yaushe rabonsa da ƙofar coci, in ba ranar aurensa ba, da har zai zauna yanke hukunci a kan abin da Allah zai iya da wanda ba zai iya ba. Ta ce wahalar zirga-zirga ce ta ishe shi, shagonsa yake so ya koma, shi ya sa yake gaggawar kai tsohuwa gida ta mutu.

Auta mutum ne mai sanyi, tun suna yara ita ke faɗa shi ke sunkuyar da kai. Yau bai sunkuyar ba. Ya ce shi ke ɗaga Mama, shi ke juya ta, shi ke zubar da fo, kuma shi ke jin abin da take faɗa bayan mutanen Yaya sun gama ihu sun tafi. Ya ce duk ranar da suka zo sai ta wuni washegari da ciwon kai, amma ta hana shi faɗa don kada ran Yaya ya ɓaci. Kwana goma sha ɗaya tsohuwar nan tana so ta yi ban kwana da 'ya'yanta, an toshe mata baki.

"Kuma ba don Mama kike wannan yaƙin ba, Yaya. Kowa ya sani. Don Aku ne."

Marin ya yi ƙara har wani mai tura keken marasa lafiya ya tsaya. Auta ya dafe kunci, ya dube ta, idonsa ya kaɗa ya yi ja. Ya sa mukullinsa a aljihu ya sauka matakala.

Shekara tara ke nan ba wanda ya kira sunan nan a gabanta. Aku 'yarta ce ta fari. Kakarta, Mama, ce ta laƙaba mata sunan, don ba abin da za a faɗa a gida ba ta maimaita ba, har da yadda babanta ke gyaran murya kafin addu'ar abinci. An haife ta da ciwon zuciya, ta yi shekara huɗu da wata bakwai. Sun zaga asibiti uku. Ranar ƙarshe Malama ta naɗe ta a zane za ta kai ta na huɗu, tafiyar awa biyar a mota, sai Mama ta tsaya a bakin ƙofa ta ware hannuwa ta ce, ki bar yarinyar nan ta huta, ta gaji. Malama ta ji maganar uwa, ta koma ta zauna. Kafin la'asar yarinyar ta cika a cinyarta. Bayan an dawo daga maƙabarta kowa ya zo da magana ɗaya a baki, za ki gan ta, tana wuri mafi kyau, rabuwar ta ɗan lokaci ce. Tun daga ranar Malama ta tsani wannan magana kamar yadda ake tsanar warin abin da ya taɓa sa mutum amai. Ta bar cocin Mama, ta koma inda ake koyar da cewa mai bangaskiya ba ya sakin nasa.

Duk abin da ya faru a barandar a kan idon Baba Fasto ne, yana zaune a benci da akwatinsa a cinya. Da ma ransa take nema, sai ta juya kansa. Ta ce ai shi ma yana cikinsu. Shi ya tsaya a bakin ramin ya ce yarinya ta tafi wuri mafi kyau. Ta tambaye shi wane wuri ne ya fi wa 'yar shekara huɗu bayan uwarta.

Tsohon ya daɗe yana shafa murfin akwatin kafin ya amsa.

"Na faɗa, kuma na yi gaggawar faɗa. Ranar kamata ya yi in zauna kusa da ke in kama bakina. Ubangijinmu ma da ya isa kabarin abokinsa, kuka ya fara yi. Wannan laifina ne, ki gafarce ni. Amma maganar kanta ban janye ta ba, 'yata. In na janye ta, ban san abin da na yi shekara hamsin ina yi ba."

Ta ce ya riƙe gafararsa, ita ba ta ga amfaninta ba yanzu. Ta koma ɗakin, ta ja labulen gadon har ƙarshe.

Idon Mama a buɗe. Muryarta ta shaƙe, amma harshen nan nata na nan yadda yake.

"Kin gama dukan ɗana? Har nan na ji."

Malama ta ce ta tashi ta ci abinci. Mama ta ce ba ta ci, ta zauna. Ta zauna a bakin kujerar roba, jaka a cinya, kamar wadda ta zo ofishin da ba ta so. Mama ta yi magana da hutu tsakanin kalma da kalma. Ta ce kwana da kwanaki tana son magana da ita, da ta buɗe baki sai a cusa mata amin. Ta ce ita ba tsoro take ji ba. Tun tana yarinya take tsayawa a coci kowace Lahadi tana cewa ta gaskata da tashin matattu da rai madawwami, yanzu da aka zo wurin gwadawa ba za ta ce da wasa take yi ba. Mijinta na can, iyayenta na can, ƙawayenta na zumuntar matan coci sun fi yawa a can. Kuma Yesu da ya ce ya tafi ya shirya mata wuri bai taɓa yi mata ƙarya ba. Ita dai gajiya ta yi.

Kalmar ce ta tsokano ta.

"Gajiya. Haka kika ce da ita ma, ta gaji. Ke kullum a shirye kike ki sallami mutum, Mama. Da kin matsa daga ƙofar nan, da yanzu tana aji biyu na sakandare."

Ta zaci za ta ji sanyi in ta faɗa, shekara tara tana ɗauke da maganar. Ba ta ji ba. Mama ta rufe ido, numfashinta na fita da ƙyar, har Malama ta fara tunanin kiran nas. Can ta buɗe.

"Na tare ƙofa. Na ga leɓen yarinyar ya canja, na ce kada ta mutu a hanya cikin zafin mota. Ko daidai na yi, ko kuskure, har yau ban sani ba. Ba ranar da ban tambayi Ubangiji ba, bai amsa mini ba. In na je zan ji." Ta lalubo gefen bargo ta damƙe. "Ba neman wanke kaina nake yi ba. Abu ɗaya nake so ki gaya mini tun ina ji. Ni zan riga ki ganinta. Wane saƙo zan kai mata?"

Malama ta miƙe har kujerar ta faɗi. Ta ce ba ta da saƙo, ba inda Mama za ta, kuma wannan maganar ba daga Allah take ba. Ta fice, ta wuce fasto a benci ba ta dube shi ba, ta sauka matakala tana dafa ƙarfen gefe. Ta ce wa kanta azumi ne ya sa.

Ƙarfe huɗu saura kaɗan. 'Yan ƙungiyar sun iso, su tara, suna tsaye a inuwar bishiya kusa da ƙofar asibiti inda masu sayar da ruwa da lemo suke. Mai wa'azin na tsakiyarsu da kwalbar mai a hannu, kwat ɗinsa a guge. Ta gaya masa a taƙaice cewa an sa Mama ta sa hannu a takardar sallama. Ya girgiza kai ya ce aikin maƙiyi ne, yau za su karya shi. Ya juya ga sauran ya ɗaga murya yadda ya saba, ya ce mutuwa ɓarauniya ce, ba ta shiga gida sai an bar mata ƙofa. Duk wanda ya rasa nasa, in ya bincika da gaskiya, zai tarar akwai inda ya saki igiya.

Malama ta ji wannan magana ta fi sau ɗari, kuma kullum ita ke fara cewa amin. Yau sai idonta ya faɗa kan wata mai sayar da kayan miya a cikinsu, wadda mijinta ya rasu watan jiya bayan sun yi masa azumin kwana ashirin da ɗaya. Matar ta sunkuyar da kai tana murza bakin gyalenta, ta ce amin a ciki-ciki, kamar ɗalibar da aka kira sunanta cikin waɗanda suka faɗi jarrabawa. Malama ta san wannan tsayuwar. Ita ma haka take tsayawa, sai dai ita ta iya ɗaga kai.

Mai wa'azi ya ce su hau. Ta ji bakinta na cewa nas na gyara majinyata, su ɗan jira a nan, za ta kira su. Ƙarya ce, kuma cikin azumi. Ta juya kafin wani ya yi tambaya.

A kan matakala ta ci karo da Auta zaune, shatin yatsunta na nan a kuncinsa. Ya janye ƙafa ya ba ta hanya, bai ɗago ba. Ita ma ba ta tsaya ba. Ta shiga ɗakin, ta ɗaga kujerar da ta kayar, ta jawo ta har gwiwarta na taɓa ƙarfen gado. Mama na kallon silin.

"Ban yarda ba," in ji Malama. "Ki sani ban yarda za ki tafi ba. Kuma ban ce na huce ba."

"Na ji."

A bayan labule ana tura keken magani, wata na tambayar nas ko za a cire mata ƙarin ruwan nan yau. Wayar Malama ta yi ta kuka a cikin jaka har ta gaji. Ta kafa ido a kan hannun Mama, inda allura ta bar tabo baƙi-baƙi, ta yi magana da muryar da take karanta sanarwa a taron malamai.

"In ma hakan ta faru. Ki ce mata ta yi ƙane."

"To."

"Shekararsa bakwai. Bahago ne. Ba ya son wanka, sai an yi dambe. Ya san da ita, yana nuna hotonta wa abokansa yana cewa yayarsa ce. Babanta ya yi furfura, ya yi tumbi. Ki ce mata jan takalmin nan nata yana nan, ban ba kowa ba. Ki ce mata ranar nan ni na so in kai ta, ba ƙyale ta na yi ba. Ki ce mata..."

Nan muryar sanarwar ta ƙare. Ta kifa goshi a kan katifa, kafaɗunta na girgiza, ba sauti. Mama ta ɗago hannu da ƙyar ta ɗora a kan ɗankwalinta, ta bar shi nan. Ba ta ce ta yi haƙuri ba, ba ta ce za ta gan ta ba. Ta jira har kukan ya lafa.

"Kin yi mini yawa lokaci ɗaya," in ji ta. "Kan nan nawa ba ya riƙe abu yanzu. Bari in gwada. Ta yi ƙane, shekararsa shida."

Malama ta ɗago, ta share fuska da bayan hannu.

"Bakwai, Mama. Jikanki ne fa, kin san shekarunsa. Bakwai na ce."

"Bakwai. Ba ya son wanka. Babanta ya yi tumbi. Sai me?"

"Kin tsallake bahago. Kin tsallake takalmi."

"To, Malama," in ji Mama, ta gyara kwanciyar kanta a kan filo ta rufe ido. "Sake ɗaukowa daga farko. A hankali."